Yadda Ake Kwatanta Ƙarar Salansar Mota da Wayar Hannu, da Dalilin da Ya Sa Bidiyo Ke Yaudara

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a YouTube ko TikTok ya saba cin karo da irin wannan: a jera mota biyu ko uku, a kafa waya a bayansu, a taka totur, sannan a ce masu kallo su zaɓi salansar da ta fi daɗin ƙara. Wannan ya ce Borla, wancan ya ce Flowmaster. Da yawa daga cikin matasan da ke canja wa motocinsu salansa da irin wannan bidiyon suke yanke shawara. Wasu su tura kuɗi a sayo musu daga waje, wasu kuma su kai wa mai walda bidiyon su ce irin wannan ƙarar suke so. Sai bayan an ɗaura ake jin wani abu daban. Ko dai ƙarar ta zarce yadda aka yi zato nesa ba kusa ba, ko kuma a samu wani diri da ke cika cikin motar, har kai ya fara ciwo kafin a kai Zariya daga Kano. A lokacin kuwa kuɗi sun tafi, tsohuwar salansar ma an riga an yanke ta.

Abin da bidiyo ke nunawa ya sha bamban da abin da kunne zai ji a gaban motar, kuma akwai dalilai na kimiyya da suka jawo hakan. Amma wayar da ke yaudarar mutum, ita ce dai za ta iya taimaka masa ya yi awo mai ma'ana, matuƙar ya san iyakarta.

Ƙarfin ƙara daban, amo daban

Idan aka ce salansa tana da ƙara, abu biyu ake haɗawa wuri ɗaya. Na farko shi ne ƙarfin ƙarar, wanda ake aunawa da desibel, ana taƙaita shi da dB. Na biyu shi ne amonta, wato kaurinta ko sirantakarta, wanda ya danganta da yawan kaɗawar sautin a cikin sakan ɗaya, ana auna shi da hatz, ana rubuta Hz. Salansa biyu za su iya nuna desibel iri ɗaya, amma ɗaya tana gurnani mai kauri, ɗayar kuma tana tsiwa kamar an yaga kwano.

Lissafin desibel ba kamar na mudu ba ne, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu. Shi kuwa kunnen ɗan Adam sai an ƙara kimanin desibel 10 yake jin kamar ƙarar ta ninka. Saboda haka salansar da ta nuna 95 ba ɗan fin mai 85 kawai ta yi ba: a kunne ta ninka ta, a ƙarfin sauti kuma ta ninka ta sau goma. Haka nan idan aka tayar da mota biyu masu desibel 90 kowacce a wuri guda, abin da za a samu 93 ne, ba 180 ba.

Nisa ma yana da nasa lissafin. A fili, duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin mai awo da bakin salansa, ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6. Ke nan lambar da aka faɗa ba tare da an faɗi tazarar da aka auna ta ba, ba ta da wani amfani. Mai talla zai iya cewa salansarsa 88 ce, wani ya ce tasa 100 ce, alhali ta farkon ce ta fi ƙara, illa dai an auna ta ne daga nesa.

Inji ne ke da murya, salansa gyara ta take yi

Kowace fashewar mai a cikin silinda tana turo iska mai zafi da ƙarfi cikin bututu, jerin waɗannan bugun ne kunne ke ji a matsayin ƙarar inji. A injin mota na yau da kullum, kowace silinda tana fashewa sau ɗaya a duk juyi biyu. Don haka ana iya lissafa asalin amon inji kamar haka: a raba lambar RPM da 60, sannan a ninka da rabin yawan silinda. Inji mai fulogi huɗu, irin na yawancin Corolla da Civic, idan yana juyi 3,000 a minti, asalin amonsa hatz 100 ne. Mai fulogi shida a wannan juyin hatz 150, mai takwas kuma hatz 200.

Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna cewa babu salansar da za ta mayar da Corolla ta yi muryar Mustang. Gurnanin nan mai tsalle-tsalle na manyan injinan V8 na Amurka ya samo asali ne daga yadda silindoji ke fashewa: a kowane ɓangare na injin tazarar da ke tsakanin bugun ba daidai take ba. Tsofaffin Subaru masu turbo ma sanannen gurnaninsu daga bututun farko yake, waɗanda tsawonsu ba ɗaya ba ne. Mota mai turbo kuma takan fi wadda ba ta da shi laushin ƙara ko da salansarsu iri ɗaya ce, domin farfelar turbon tana shanye wani ɓangare na ƙarfin bugun kafin ya kai baya.

Aikin tukunyar salansa shi ne rage wannan bugun, kuma hanya biyu ake bi. Akwai tukunya mai ɗakuna a ciki, inda sautin ke karo da bangaye ya dawo ya kashe wani sashe na kansa. Kamfanin Flowmaster na Amurka da wannan ya yi suna, kuma amonsa yana da kauri da ɗan amsa-kuwwa irin na ganga. A jerin kayansu, Super 10 ta fi jerin 40 ƙara, jerin 40 kuma ya fi jerin 50. Akwai kuma tukunyar da bututu mai hujoji ya ratsa ta kai tsaye, aka naɗe shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe. Irin wannan ce aka san MagnaFlow da ita. Naɗin yana shanye siraran sautuka ya bar masu kauri, sai ƙarar ta fito sumul. Sai dai a masu arha naɗin yana ƙonewa a hankali, shi ya sa salansar da aka saya da laushi takan koma tsiwa bayan an jima ana hawa.

Ko a kamfani ɗaya ma akwai matakai. Borla na da Touring mai sauƙi, da S-Type na tsakiya, da ATAK mai tsananin ƙara. Saboda haka wanda ya ce ya ji Borla a bidiyo ta burge shi, bai faɗi komai ba sai ya faɗi wacce, a kan wane inji. Ƙarfen da aka yi amfani da shi ma yana ɗan taɓa amon. Kamfanin Akrapovič na ƙasar Sulobeniya ya shahara da salansar taitaniyom, wadda ba ta da nauyi, kuma amonta ya fi na ƙarfe mara tsatsa kaifi.

Sai batun inda aka fara canjin. Wadda masu sayarwa ke kira aksul-bak, tukunyar ƙarshe da bakin bututu kawai ake canjawa. Wadda ake kira kat-bak kuwa tana farawa ne tun daga bayan matatar hayaƙi, wato abin nan da makanikai ke kira indomi, kuma sau da yawa takan haɗa da ƙaramar tukunyar tsakiya. Wannan ƙaramar tukunyar, rezoneta, ita ce ake yawan rainawa a yanke, alhali ita ke tsare tsiwa da wani ɓangare na diri. Cire indomi kuwa yana ƙara ƙara, amma yana zuwa da warin hayaƙi da ƙarin guba a iska, kuma a yawancin motoci wutar cek injin za ta kama.

Wurare uku da waya ke yaudara

Na farko makirufo ne. An ƙera na waya ne domin muryar mutum, kuma yayin ɗaukar bidiyo wayar tana daidaita ƙarfin sauti da kanta: idan ƙara ta yi yawa ta danne ta, idan ta yi ƙasa ta ɗaga ta. Sakamakon haka salansa mai desibel 85 da mai 100 za su iya fitowa kusan daidai a bidiyo. Idan ƙarar ta fi ƙarfin makirufon kuma sai sautin ya fashe, a ji wani kakkaɓi da babu shi a zahiri.

Na biyu sifikar wayar mai kallo ce. Ƙaramar sifikar waya kusan ba ta fitar da komai a ƙasa da hatz 200. An ga a sama cewa asalin amon inji mai fulogi huɗu a juyi 3,000 hatz 100 ne, a silo kuwa bai ma kai hatz 30 ba. Ke nan ainihin kaurin da ake sayen salansar dominsa, shi ne sifikar ba ta iya fitarwa. Abin da mai kallo ke ji ragowar siraran sautukan ne kawai. Hedifon mai kyau yana rage wannan matsalar, amma ba ya dawo da abin da makirufo ya riga ya danne.

Na uku shi ne zaɓin mai ɗaukar bidiyon. Yawancinsu suna son tayar da inji yana sanyi, domin a wannan lokacin kwamfutar motar tana ɗaga juyin inji don indomi ya yi saurin zafi, ƙarar kuma ta fi ta ko yaushe. Wasu a cikin gareji ko ƙarƙashin gada suke ɗauka, inda bango ke dawo da sauti. Bidiyon cikin mota ma akwai abin lura: wasu motocin zamani suna ƙara ƙarar inji ta roba. BMW ta sa wannan a M5 tun 2011 ta hanyar sifikokin motar, Golf GTI kuma tana da wata ƙaramar na'ura a gindin gilashin gaba da ke yin wannan aikin.

Yadda ake awo na gaskiya

Akwai tsayayyiyar ƙa'idar auna salansar motar da ke tsaye, ISO 5130, kuma mai waya zai iya kwaikwayonta. Ana fara barin inji ya yi zafi sosai. A ajiye motar a fili, kan kwalta ko siminti, ba bango ko wata mota a cikin mita 3. A sa makirufo santimita 50 daga bakin salansa, a karkace digiri 45 daga inda hayaƙi ke fita, a daidai tsayin bakin bututun, amma kada ya yi ƙasa da santimita 20 daga ƙasa. Karkatarwar nan tana da muhimmanci, domin idan hayaƙin ya doki makirufon kai tsaye, iska za a auna ba sauti ba, ga kuma zafi da zai iya lalata wayar.

Juyin inji ma ƙa'idar ta fayyace shi. Ga injin da ke kai cikakken ƙarfinsa tsakanin juyi 5,000 da 7,500 a minti, wanda yawancin motocin fetur a nan suke, ana riƙe totur a 3,750. Idan cikakken ƙarfin a 5,000 ko ƙasa yake, sai a ɗauki kashi 75 cikin 100 na wannan lambar. A yi awo sau uku, kuma kada bambancinsu ya wuce desibel 2. Hayaniyar wurin ta kasance ƙasa da ta motar da aƙalla desibel 10, wato gefen titi ko kusa da janareto bai dace ba. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a kan totur yana kallon agogon RPM, ɗaya a baya da waya. Zai fi kyau a ɗora wayar a kan wani abu, a kuma tabbatar gindinta, inda makirufon yake, shi ke fuskantar salansar.

A ɓangaren manhaja, masu iPhone sun fi sa'a. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta fitar da manhajar auna sauti kyauta mai suna NIOSH Sound Level Meter, amma a iPhone kaɗai take. Dalili kuwa shi ne wayoyin Android kamfanoni da yawa ke ƙera su, kowanne da irin makirufonsa, ba a iya tabbatar da sahihancin awon a kansu duka. Masu Tecno da Infinix da Samsung za su iya amfani da irinsu Decibel X, amma su sani cewa lambar tana iya kaucewa da desibel da dama, wasu wayoyin ma idan ƙara ta kai wani mataki sai lambar ta tsaya cak ta ƙi hawa. Idan an ga haka, sai a ja da baya zuwa mita 2, a kuma auna dukkan salansocin daga wannan tazarar.

Wannan ya kawo babbar ƙa'idar awo da waya: lambar kanta ba abin dogaro ba ce, bambancin da ke tsakanin awo biyu shi ne abin dogaro. Idan waya ɗaya, a wuri ɗaya, a tazara ɗaya, a juyi ɗaya, ta nuna 84 kafin canji da 93 bayan canji, to ƙarin desibel 9 ɗin nan gaskiya ne ko da 84 ɗin ba daidai ba ce. Amma kwatanta awon Tecno ɗin wani da na iPhone ɗin wani ɓata lokaci ne. Saboda haka awon da ya fi kowanne daraja shi ne wanda aka yi tun tsohuwar salansar tana jiki.

Dirin da lamba ke ɓoyewa

Mafi yawan waɗanda suka yi nadamar canja salansa ba ƙarar waje ce ta dame su ba. Dirin ciki ne, wani sauti mai kauri da ke tsayawa wuri ɗaya idan ana tafiya a gudu ɗaya a babban titi, galibi idan inji yana wajen juyi 2,000 zuwa 3,000. Yana faruwa ne idan amon injin ya yi daidai da amon da bututun ko ɗakin motar ke amsawa, kamar yadda kwalba ke amsawa idan aka hura bakinta. A minti biyar na farko ba ya damun kowa. Bayan awa ɗaya kuwa hira ta gagara, fasinjan baya ya fi kowa shan wuya.

Awon da aka bayyana a sama ba ya kama shi, saboda dalili biyu. Na ɗaya, diri yana fitowa ne idan inji yana jan nauyin mota, ba idan tana tsaye ba. Na biyu, yawancin manhajoji suna zuwa ne a kan ma'aunin A, wanda ake rubutawa dBA. Wannan ma'aunin yana rage darajar sautuka masu kauri da gangan don ya kwaikwayi kunne: a hatz 100 yana zabge kimanin desibel 19, a hatz 80 kuma sama da 22. Inji mai fulogi huɗu a juyi 2,400 kuwa amonsa hatz 80 ne cif. Ke nan dirin zai iya cika mota yana girgiza madubi, wayar kuma tana nuna lamba mai kyau. Mafita ita ce a shiga saitin manhajar a koma ma'aunin C, wato dBC, wanda kusan ba ya rage komai a wannan yankin. Idan aka ga dBC ya zarce dBA da tazara mai yawa a cikin mota, kaurin sauti ne ya yi yawa.

Manhajar Spectroid, wadda ke kyauta a Android, ta fi ma nuna abin a fili, domin tana zana sauti a jere daga mai kauri zuwa siriri. Fasinja ne zai riƙe wayar, ba direba ba. A rufe gilasai, a kashe rediyo, a riƙe gudun da aka saba yi a doguwar tafiya. Idan akwai diri, za a ga wani tsini guda ya miƙe sama da sauran, da lambar hatz ɗinsa. Sanin wannan lambar yana da amfani, domin ana iya maganin dirin da wani reshen bututu mai toshe a ƙarshe, wanda ake waldawa a jikin salansar. Tsawonsa kwata ne na tsawon igiyar sautin da ake son kashewa. Ga diri mai hatz 100, wannan ya kama tsakanin santimita 85 da mita ɗaya, gwargwadon zafin iskar da ke ciki. Kamfanin Corsa a kan wannan dabarar ta kashe sauti da sauti ya gina kasuwarsa. Akwai kuma salansa mai bawul da ake buɗewa ko rufewa da rimot ko manhajar waya, ta yi shiru a unguwa ta yi ƙara a inda ake so, sai dai tsada, ga kuma ƙarin abin da zai iya lalacewa.

Kunne da doka

Ma'aunin NIOSH ya ce mutum zai iya jure desibel 85 na tsawon awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma kunnen da ya yini da iyafis ya riga ya cinye wani ɓangare na rabonsa kafin a shiga mota. Makanike ko mai walda da ke tsugune a bakin salansa ana taka masa totur shi ya fi kowa kusa da haɗarin. Waldar da ba ta kama da kyau ba kuma tana da haɗarin da ya fi na kunne, domin hayaƙin da ke yoyo a ƙarƙashin mota yana iya shigar da iskar kabon monoksaid cikinta, ita kuwa ba ta da wari ko launi.

Ta fuskar doka, jihar Kalifoniya a Amurka ta sa iyakar desibel 95 ga ƙananan motocin da nauyinsu bai kai fam 6,000 ba, kuma da awon santimita 50 ake gwadawa. Tarayyar Turai kuma ta sa wa sababbin ƙananan motoci iyakar desibel 72 a 2016, ta kuma tsara rage ta mataki-mataki zuwa 68. Wanda ya ga lambobin nan zai ɗauka Turai ta fi Kalifoniya tsanani da sama da desibel 20, amma awon Turai ana yin sa ne daga mita 7.5 yayin da motar ke wucewa. Idan aka bi lissafin nisa, sautin da ya kai 95 a santimita 50 zai sauko zuwa wajen 71 ko 72 a mita 7.5. Gwaje-gwajen biyu ba iri ɗaya ba ne, amma misalin ya isa ya nuna yadda tazara ke sauya lamba. A 2021 jihar New York ta ɗaga tarar salansa mai ƙara zuwa dala 1,000, Faransa kuma ta fara gwajin kyamarori masu makirufo da ke gano motar da ta yi ƙarar su ɗauki lambarta a 2022. A Nijeriya ma hukumar NESREA tana da dokar kayyade hayaniya tun 2009, ko da yake abin da ya fi saurin riskar mai salansa mai ƙara shi ne maƙwabcin da aka tasa daga barci da tsakar dare.

Ga wanda ke shirin saye, abin da ya fi bidiyo ɗari shi ne ya nemi mota mai irin injinsa wadda aka riga aka ɗaura mata salansar da yake so. Ya auna ta a santimita 50, ya auna tasa a wuri ɗaya da waya ɗaya, sannan ya roƙi mai ita ya ɗauke shi su hau babban titi na aƙalla minti 20, shi yana zaune a kujerar baya, gilasai a rufe, Spectroid a buɗe.